Laka, taɓo ko gwiɓa? Neman sunan abin da kogi ke ajiyewa a fadama

1/ Jiya bayan La'asar muka yi ta muhawara a rumfar wani dattijo mai tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ɗansa ɗalibi ne, ya zo da kalmomin Turanci biyu: "floodplain" da "sediment". Ta farko ba ta ba mu wuya ba. Duk inda kogi ke malalawa in ya cika fadama ce, ko a Haɗeja ko a Isheri bakin kogin Ogun, ko da an cika ta da gidaje.

2/ A kan ta biyu aka ja daga. Wani ya ce laka. Baba mai rumfar ya ce, "A'a ɗana, ina ka baro yashi da tsakuwa?" Taɓo kuwa in ya bushe ya tashi daga taɓo.

3/ Ni na tsaya a kan gwiɓa, wato abin da ke kwantawa a gindin randa in ruwa ya natsu. Aikin kogi ke nan. In ambaliya ta haura gaɓa, gudunta ya ragu, yashi ne ke fara kwanciya kusa da baki saboda nauyi, laka kuma sai can cikin fadama. Gwiɓar kogi ta haɗa su duka.

4/ Abin da ya dame ni shi ne hannunmu a ciki. In an sare daji, an nome gangare, an buɗe ƙasa don gini, ruwan sama ya zaizaye ta ya zuba a kogi, gwiɓa ta yi yawa, hanyar ruwa ta cike. Dam kuma riƙe ta yake yi. Dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta yana tare ta a bayansa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san wannan tun bayan dam ɗin Tiga a 1974 da Challawa a 1992: gudun ruwa ya canza, magudanai suka cike, ciyawar kachala ta mamaye.

5/ Baba ya amince da gwiɓar kogi, amma ya ce a bar wa manomi lakarsa, tunda ita ke sa fadama albarka. Na yarda.

6/ 'Yan uwa na Agege da Idi-Araba, musamman Sakkwatawa da mutanen Nijar, a garinku me kuke ce mata?