Sarkin Baka ya ce sai na yi rani biyu ina bin sa kafin in taɓa bindiga

Jikan Maharbi, Ningi:
Assalamu alaikum. Kakana maharbi ne, kuma da Allah ya yi masa rasuwa bara bindigarsa ta toka ta faɗo a rabona, amma mahaifina bai taɓa shiga daji ba, don haka babu mai koya mini a gida. Na je wurin Sarkin Bakan garinmu, ya karɓe ni hannu bibbiyu, sai dai ya ce zan yi rani biyu ina bin sa da gorar ruwa da jaka kafin ya bar ni in ɗura bindiga. Abokaina suna cewa ɓata lokaci ne, tunda bidiyon harbi na nan birjik a YouTube. Ina neman shawarar manya: shin wannan jira wajibi ne?

Tsohon Maharbi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Saiti abu ne da yaro mai ido yake koya cikin mako guda, amma abin da maigidanka yake son dasa maka shi ne sanin lokacin da ba a harbi, wanda ba ya samuwa sai da doguwar tafiya a bayan wanda ya sani. Ina saurayi, wata rana dab da magariba, na ga ciyawa tana motsi a bakin rafi, na ɗaga bindiga da tabbacin gada ce, sai maigidana ya danne bakinta ƙasa ba tare da ya ce uffan ba. Muna tsaye sai ga yaron makiyaya ya fito yana neman maraƙinsa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, kuma tun daga ranar ban sake harbin motsi ba sai na ga dabbar da idona, na kuma ga abin da ke bayanta.

Ita kanta bindigar toka aikin maƙeri ce, kowace da halinta. In aka cika mata albarushi fiye da ƙima tana iya fashewa a hannu, in kuma ta ƙi tashi ba a leƙa bakinta, domin takan yi jinkiri sannan ta tashi. Ta kakanka ma, da ta kwana biyu a ajiye, sai an duba tsatsa da tsagewa. A ranin nan biyu za ka koyi karanta sawu, da bin iska don kada dabba ta sunsuno ka, da tsayawa a sahu ranar farautar gayya yadda ba za ka harbi ɗan'uwanka ba. Za ka kuma ga ba a taɓa mace mai ciki ko mai shayarwa, ba a cinna wa daji wuta saboda gafiya, kuma dabbar da ka raunata sai ka bi jininta komai nisa.

Maƙwabcin Yankari, Alkaleri:
Na yarda da Baba, amma ina ƙara jan kunne: ba kowane dattijo mai bindiga ne ya isa a bi ba. Akwai wanda zai ja ka cikin gandun daji da dare da fitilar goshi, ya ce haka ake jarumta. Tun 1956 aka keɓe Yankari, kuma farauta a cikinsa laifi ne. Giwayen da suka rage a can suna cikin na ƙarshe a Najeriya. Akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, akwai kuma ta tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Ko bindigar toka ma tana buƙatar lasisi daga 'yan sanda, kuma gado ba ya ɗauke maka wannan. Maigida na ƙwarai shi zai fara tura ka neman takarda.

Almajirin Fiƙihu, Zariya:
Ta fuskar addini, Risala ta ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal ce. Ana ambaton sunan Allah yayin sakin harbi ko sakin kare mai horo, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi nuni, kuma in ka tarar da dabbar da sauran ranta dole ka yanka. Ka lura ko maigidanka yana kiyaye waɗannan.

Jikan Maharbi, Ningi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, labarin yaron nan ya tsaya mini a rai. Gobe in sha Allah zan kai wa Sarkin Baka bindigar ya ajiye a wurinsa, mu nuna wa maƙeri, sannan in tambaye shi yadda ake neman lasisin.