Yaya ake tsara labarin zane na matashin jarumi ba tare da ya koma nasiha ba?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Ina tsara fitowar farko ta wani labarin zane, irin na jarumai masu baiwa ta musamman. Jarumin yaro ne ɗan shekara 15 da ya duƙufa wajen kwaikwayon wani babban gwarzo, sai daga baya ya gane ya tsaya a matsayinsa. Matsalata biyu ce. Duk inda na zo nuna cewa ya gane, sai maganar ta fito kamar nasihar malamin makaranta. Sannan shafi nawa ya kamata, kuma magana nawa akwatin zane ɗaya zai ɗauka? Masana a taimaka.

Mai_Tawada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Nasihar nan tana fitowa ne idan baiwar yaron tana gefe guda, damuwarsa tana wani gefen. Tunda ba abin da ya haɗa su, dole marubuci ya sa wani ya buɗe baki ya yi bayani. Maganin shi ne ka ɗaure su tun daga tushe, baiwar ta zama ita ce damuwar.

Dubi yadda kamfanin Marvel mai buga labaran zane ya yi da jarumarsa Kamala Khan a 2014, G. Willow Wilson ta rubuta, Adrian Alphona ya zana. Yarinya ce 'yar shekara 16, Musulma, iyayenta 'yan asalin Pakistan, suna zaune a Jersey City ta Amurka. Burinta ta zama kamar babbar jaruma Carol Danvers (Captain Marvel), baturiya mai gashi ruwan zinare. To wace baiwa aka ba ta? Sauya kamanni. Karon farko da baiwar ta motsa, siffar Carol ɗin ta koma sak. Can gaba aka harbe ta da bindiga, sai ta lura raunin ba ya warkewa sai ta dawo siffarta ta asali. Ka ga an gama magana ke nan, ba wanda ya hau mumbari. Mai karatu ya gani da idonsa cewa aron fuskar wani yana iya halaka ta. Hatta kayan jarumtarta daga rigar ninƙaya mai rufe jiki da ke gidansu ta haɗa su.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka amsa tambaya uku kafin ka zana komai. Me yaron yake jin kunyarsa game da kansa? Ta yaya baiwar take ba shi damar ɓoye wannan abin? Wace asara ce za ta same shi, ko ta sami wani nasa, saboda ɓoyewar? Ta ukun ce ake yawan tsallakewa. A labarin farko na Spider-Man, 1962, Peter Parker ya bar ɓarawo ya wuce don yana ganin ba ruwansa, ɓarawon nan kuma shi ya kashe baffansa. Shafi 11 kacal Stan Lee da Steve Ditko suka ci, amma asarar ta riƙe jarumin har yau.

Gidan_Ɗabi:
Malam Mai_Tawada ya gama da labari, bari in taɓa lissafi. Fitowa ɗaya a Amurka tana ɗauke da labari shafi 20 zuwa 22. In da sitefula za a ɗinke littafin a tsakiya, jimillar shafukan dole ta rabu da 4, domin kowace takarda in an ninke ta shafi 4 take bayarwa. Ka yi 24: labari 20 ko 22, sauran na gabatarwa da sunayen waɗanda suka yi aiki.

Akwati 5 ko 6 a shafi ya isa. Kada da'irar magana ɗaya (inda ake rubuta abin da mutum ya faɗa) ta wuce kalma 25, kada akwati ya wuce 35. In ka zarce haka rubutu zai cinye zanen, fuskar da ka ɓata lokaci a kanta ta ɓuya. Shafin faɗa kuwa rage akwatunan zuwa 3 ko 4, maganar ma kaɗan.

Abin da sababbin hannu ba su cika lura da shi ba: shafi mai lamba mara (1, 3, 5) yana dama, mai cika (2, 4, 6) yana hagu. Duk abin mamakin da ka ajiye a dama, ido ya riga ya hango shi tun mutum yana karanta hagu. Don haka ka jefa tambayar a akwatin ƙarshe na shafin dama, amsar ta bayyana bayan an juya.

Wajen bugu, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, ka ajiye aikin a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), launi kuma CMYK, wato tsarin launin tawadar bugu. In ka kai shi a RGB, wato tsarin launin allon kwamfuta, shuɗi da kore masu ƙyalli da ka gani a kwamfuta za su fito a dushe.

Yaya_Mai_Zane:
Ƙanena, wuri biyu zan ja maka kunne. Kada yaron ya gane kansa a fitowar farko. Miles Morales, matashin da ya gaji Spider-Man a wani jerin labarin na daban a 2011, ya fara ne da sa kayan kwaikwayo irin na Spider-Man, mutane suka ga rashin dacewar hakan tunda a wannan jerin Peter Parker mai kayan bai daɗe da mutuwa ba, kuma bai sa nasa baƙi da ja ba sai a fitowa ta 5. Fitowarka ta farko ta ƙare yana tsakiyar kwaikwayon, har yana ganin ya ci riba. Kuma kada ka mai da iyayensa abokan gaba. In uban yana da gaskiya a rabin faɗan da yake yi, zaɓin yaron zai yi nauyi, labarin ya daina zama na yaro mai kunnen ƙashi.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Da Hausa zan rubuta, akwai abin da zan kiyaye?

Gidan_Ɗabi:
Akwai. Yawancin samfuran haruffan da ake rubuta labarin zane da su ba su da ƙ, ɗ, ɓ, balle manyansu Ƙ, Ɗ, Ɓ, alhali an saba rubuta maganar da manyan baƙaƙe. In babu su, manhaja za ta aro daga wani samfurin, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ya fito ɗan akwati fanko. Ka gwada rubuta "ƘARFI", "ƊAKI" da "ƁERA" tun kafin ka zana da'ira ko ɗaya. In samfurin ya gaza, rubuta da hannu ko ka nemi wani. Ranar kai aiki maɗaba'a kuma ka mai da haruffan su zama zane a cikin fayil ɗin, ka karɓi gwajin shafi ɗaya ka duba ƙugiyoyin kafin a kunna inji.