Wane suna za mu raɗa wa firi'am da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Amfilifaya da lasifika sun zauna a bakinmu, amma akwatin da ke shiga tsakanin garmaho da babbar amfilifaya har yau firi'am muke ce masa. Ni dai ina ganin "ƙaramar amfilifaya" ya wadatar.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan nan zai sa mai saye ya jona masa lasifika kai tsaye, alhali ba shi da ƙarfin motsa ta. Aikinsa zaɓen inda sauti zai fito, daidaita ƙara, sai miƙa wa babbar. Akwai ma irin da ba ya shan wuta, ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake yi. Irinsa in wayarsa ta yi tsawo, siraran sautuka sai su dushe, shi ya sa ake barinta kamar mita 1.

Mai gyara: To mu ce "zagi". Zagi yana gaban dokin sarki yana share hanya, ba shi ke ɗauke da sarki ba. Har wajen kunnawa shi ne gaba: a kunna shi, a ɗan dakata, sannan babbar. Wajen kashewa babbar ce farko, in ba haka ba lasifika ta yi "dum", wani lokacin har ta lalace.

Injiniya: Zagin sauti ya zauna daram, Maigida. Amma akwatin da allurar garmaho ke fara shiga yana buƙatar sunansa daban, don abin da allurar ke bayarwa ba shi da ƙarfi. Allura irin MM (mai motsa maganaɗisu) tana ba da kamar milibolt 5 (milibolt dubu ne bolt ɗaya), MC (mai motsa naɗin waya) kuwa sau da yawa ba ta wuce 0.5 ba, na'urar CD kuma bolt 2. Don haka MM na son ƙarin ƙarfi na desibel 40, MC kamar 60. Sannan a ma'aunin RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) na 1954, ana rage kaurin sauti a ɗaga siririn lokacin yanka faifai, wannan akwatin ne ke mayar da su daidai. Wanda ya tsallake shi zai ji sauti can ƙasa-ƙasa, ba kauri.

Mai gyara: Zagin allura ke nan. A kuma ɗaure 'yar wayar ƙasa ta garmahon a sukurun da ke bayan zagin allurar, don in an manta da ita gurnanin wutar lantarki ba ya yankewa.

Mai tambaya: Na janye nawa. Saura wanda aka haɗa zagi da babbar a akwati ɗaya, shi kuma fa?