Yaya za a gano lambar sojan da ya rasu a yaƙin Bama (Burma)?

Assalamu alaikum jama'a. Ana shirin kafa allon tunawa da wani saurayi ɗan ƙauye da ya rasu a yaƙin Bama (Burma, Myanmar ta yanzu) lokacin yaƙin duniya na biyu, amma aiki ya cije wajen tabbatar da ranar rasuwarsa. Abin da ke hannu: sunan yanka, sunan uba, da cewa yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta fafata a kwarin Kaladan a 1944.

An duba rajistar hukumar CWGC mai kula da kaburburan yaƙi. Matsalar, a wancan zamani akawu kan rubuta soja da sunan garinsu maimakon na ubansa, sai ga suna ɗaya ya fito wa mutane da dama a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon na Myanmar, inda aka jera waɗanda ba a san kabarinsu ba. Lambar soja mai farawa da NA ce ke rarrabewa, ga shi takardun gida sun salwanta. Tauraron Bama, wato lambar yabon da aka ba sojojin yaƙin, shi ma bai taimaka ba, don ba a sassaƙa suna a jikinsa.

Don Allah, a ina ake ajiye rajistar ɗaukar sojojin Najeriya ta lokacin? Kuma sanin bataliya kaɗai zai isa a tace sunayen?