Na miƙe bangon dama, na hagu ya kwanta: ina gyaran yake?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai hoton wani masallaci da aka ɗauka da waya, faɗinsa fiksel 4000, tsayinsa 3000. Hoton a karkace yake, amma idan na juya shi har bangon dama ya tsaya cak, sai na hagu ya ƙara kwantawa, hasumiyar kuma kamar za ta faɗi ta baya. Ga kusurwoyi huɗu da ke fitowa fayau babu komai. Wane layi ya kamata in bi? Manhajojin gyaran hoton da nake da su: GIMP a kwamfuta, Snapseed a waya.

Mai Sitidiyo:
Wa alaikumus salam. Malam, ciwo biyu ne a hoton naka, kai kuma maganin ɗaya kake ba shi. Na farko karkatar hannun mai ɗauka, wannan juyawa ke gyara shi. Na biyu ɗaga kyamara sama da aka yi don hasumiya ta shigo, shi ke sa bangwaye su riƙa matsowa juna daga sama. Wannan ko kwana ka yi kana juyawa ba zai tafi ba.

Ka fara da karkatar. Kada ka auna da bangon gefe, ka nemi layin tsaye da ya fi kusa da tsakiyar hoton, kamar gefen ƙofa ko ginshiƙi, domin na tsakiya ne kaɗai ɗaga kyamara ba ya kwantar da shi. A GIMP danna Shift da M, Measure zai fito. Ja layi daga ƙasan ginshiƙin zuwa samansa, sai ka danna Straighten a cikin zaɓuɓɓukan kayan aikin. Maɓallin ya shigo ne tun GIMP 2.10.4, idan ba ka gan shi ba naka tsoho ne. Ka ja layin da tsawo, ka kuma zuƙo hoton wurin ɗora bakinsa. Kuskuren fiksel 2 a layi mai fiksel 100 ya haura digiri 1, amma a layi mai 2000 bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Digiri 1 kuwa ba wasa ba ne, a faɗin 4000 yana ɗaga gefe ɗaya da wajen fiksel 70.

Bayan nan bangwayen biyu za su kwanta ciki daidai wa daida, alamar juyin ya yi ke nan. Sai Perspective, Shift da P. Mayar da Direction zuwa Corrective, ka ja kusurwoyin ragar su bi gefen ginin yadda yake a kwance, ka danna Enter. Ginin zai miƙe, amma sau da yawa sai ya koma gajere mai ƙiba. Duba wani abu da ka san siffarsa, agogon bango ko tayar mota. Idan da'ira ta zama ƙwai, ƙara wa hoton tsayi da Scale har ta dawo.

Hajiyar Zane:
Ƙari a kan bayanin Mai Sitidiyo: ba kowane abu a tsaye ake yarda da shi ba. Turakun lantarki da yawa dama can a karkace suke. Tsohon ginin ƙasa kuma da gangan ake yi masa gindi mai kauri, yana sirancewa zuwa sama, wanda ya miƙe gefensa ya ɓata ginin. Titi da bakin kogi su ma suna ruɗi, tunda idan sun yi nesa ta gefe ɗaya sai su zama kamar suna hawa. Abin da ba ya ƙarya shi ne wanda nauyi ya ja ƙasa, kamar fitila mai rataye ko sandar fanka. Idan akwai ruwa a kwance, ƙololuwar hasumiya da hotonta a cikin ruwan dole su faɗa kan layin tsaye guda.

Sannan ɗan'uwa ka duba ko layin da ke gefe ya lanƙwashe kamar baka. Idan haka ne aikin gilashin kyamara ne, an fi ganinsa a kyamarar waya mai ɗauko faɗin nan ta 0.5. Shi ake fara gyarawa da Lens Distortion a ƙarƙashin Filters, sashen Distorts, kafin a taɓa juyi.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, digiri 3 ya nuna mini. To kusurwoyin fa, Hajiya? Kan hasumiyar ya kusa taɓa saman hoton.

Hajiyar Zane:
A nan ne za ka biya kuɗin karkatar. Idan ka yanke ka bar siffar hoton yadda take, digiri 3 zai mayar da 4000 da 3000 zuwa wajen 3744 da 2808, ka rasa kusan kashi 12 cikin 100 ke nan. Clipping, wato zaɓin yanka da ke cikin zaɓuɓɓukan Measure, ka sa shi a Crop with aspect, GIMP zai yi yankan da kansa. Idan hakan zai fille kan hasumiya, bar shi a Adjust ka cike kusurwoyin sama da Clone, mai kwafo wani sashen hoton zuwa wani, sararin sama ba ya wahalar cikewa. Perspective na Snapseed yana cike gefe da kansa idan yana kan Smart, haka ma Content-Aware a Crop na Photoshop. Suna yin kyau a kan sama da yashi, amma a kan tagogi ko mutane sai ka ga rabin taga ta haihu sau biyu. Zuƙo kowace kusurwa ka duba da idonka.

Mai Sitidiyo:
Kada kuma ka juya digiri 2, ka ga bai yi ba, ka ƙara 1 a kai. Kowane juyi sai manhajar ta sake lissafa duk fiksel, hoton yana dusashewa kaɗan-kaɗan. Koma baya da Ctrl da Z ka yi shi a karo guda, Interpolation kuma, wato salon lissafin fiksel ɗin, a kan NoHalo ko Cubic, ban da None mai fitar da haƙoran zarto a gefen layi. Aje aikin a XCF, fayil ɗin GIMP na kansa, JPEG sau ɗaya tak a ƙarshe, inganci 90 zuwa sama. Idan ta WhatsApp aka turo maka hoton, an riga an matse shi, ka ce a sake turowa a matsayin Document.

A ganina ma kada ka miƙe dogon gini ɗari bisa ɗari. Ido ya saba ganin sama tana ɗan tsukewa, idan bangwaye suka tsaya sak sai hasumiya ta zama kamar kanta ya fi gindinta girma. Bar mata kwanciyar digiri 1 a kowane gefe.