Yayana zai saya wa Inna mutum-mutumi, hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Makka, Shara Mansur. Innarmu ta haura 80, ga ciwon suga ga mantuwa, sau biyu tana faɗuwa a banɗaki ina wurin aiki. Yayana da ke Riyad ya ce zai aiko da mutum-mutumi mai kyamara, ya riƙa tuna mata da magani, ya yi mata hira, in ta faɗi ya kira wayata. Matar da ta yi ɗawafi da ni a goye, yau in bar ta da ƙarfe? Don Allah ku ba ni shawara.

Wata Hajiya daga Jidda:
'Yata, kyamarar ce abin dubawa. A ɗakin nan take sauya kaya, nan ake gyara ta. Kin san inda hoton yake zuwa? Tsufa ba ya kawar da al'aura.

Wani ma'aikacin jinya:
'Yar uwa, ban ga laifin Yaya ba. Tsohuwa ta karye a ƙugu ta kwana a ƙasa ba wanda ya sani, mun sha gani, kuma da yawa ba sa sake tashi. A Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai 65, an daɗe ana ba masu mantuwa Paro, wata na'ura mai laushin gashi kamar jaririyar dabba. Tana kwantar wa wasu da hankali. Abin da ke damuna shi ne, wani tsohon yakan ɗauka mai rai ce, 'ya'ya kuma su ga an samu mai hira, sai su rage zuwa. A karɓi tunin magani da ƙararrawar faɗuwa. Hira kuwa taku ce.

Wani dattijo daga Misfala:
Ko a Harami an sa mutum-mutumi rabon zamzam a 2021. Amma duba Suratul Isra'i, aya ta 23: idan iyaye suka tsufa a wurinka. A wurinka aka ce. Kuma kun tambayi ita Hajiyar?

Mai tambaya:
Baba, wallahi ba mu tambaye ta ba, sai daren jiya. Ta yarda da na magani, ta ƙi kyamara. Sannan ta ce in tambayi Yaya yaushe zai zo, rabonta da shi tun azumi.