Neman kalma: aikin da tsoho ke yi a gida bayan karayar kwatangwalo

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar bayani ga iyalan tsofaffin da aka sallama daga asibiti bayan karayar kwatangwalo, sai kalmar Turanci ta "rihabiliteshan", wato aikin dawo wa jiki da ƙarfi da motsi bayan jinya, ta tsaya mana a wuya. "Gyaran hali" dai na masu shaye-shaye ne. "Gashi" ne ya fi yawo a bakin mutane. Me kuke gani?

Ma'aikacin Sashen Gashi: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan da ake kiran sashenmu ke nan, amma ban so ya shiga takardar. Wanda aka ce za a yi wa gashi kwanciya zai yi ya jira a yi masa, alhali a nan shi ne mai aikin. Galibi washegarin tiyata ake tayar da shi tsaye, domin doguwar kwanciya tana cinye tsoka, tana kawo gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. A kan gado zai riƙa lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa sau 10 kowace awa. Zai danna bayan gwiwa a kan katifa har tsokar cinya ta ɗaure, ya riƙe daƙiƙa 5, ya saki, sau 10. Haka zai matse tsokar mazaunai. Daga nan sai tashi da zama a kujera mai tsayi mai hannuwa, da tsayawa riƙe da abu mai ƙarfi yana ware ƙafar gefe. Wannan na ƙarshe shi aka fi wasa da shi, kuma raunin tsokar gefen ce ke sa mutum ya riƙa karkacewa a tafiya ko bayan ƙashin ya haɗe.

Malamar Jinya: To ko "motsa jiki" kawai? Kowa ya san shi.

Likitan Ƙashi: Ya yi faɗi da yawa, Malama. Iyali za su ɗauka kowane motsi ya halatta. Wanda aka sauya wa kan ƙashin cinya da na ƙarfe, musamman in ta baya aka shiga wajen tiyatar, akan hana shi abu 3 na kimanin mako 6: lanƙwasa kwatangwalo har gwiwa ta fi ƙugu tsayi, harɗe ƙafafu, da juya ƙafar ciki. Zama a abu gajere ko sunkuyawa ɗaukar takalmi na iya gocar da gaɓar. Wanda aka ɗaure wa ƙashi da ƙusoshi kuwa, likitan da ya yi aikin ne zai faɗi nauyin da zai ɗora wa ƙafar. Kalmar tana bukatar ta nuna cewa akwai ƙa'ida.

Malamin Hausa: Likita ya kawo mu bakin gaɓa. "Atisaye" yana ɗauke da maimaici, ƙidaya da bin umarni. "Farfaɗowa" kuma dawowar abin da ya yi rauni ce. Ina ba da shawarar "atisayen farfaɗo da ƙafa".

Ma'aikacin Sashen Gashi: Ranka ya daɗe, a cire "ƙafa". Rabin aikin na daidaita tsayuwa ne da cire tsoron sake faɗuwa: tsayawa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ɗaga diddige, juyawa a hankali. Kuma atisayen da ba a ƙara masa nauyi ba, ba ya ƙara ƙarfi. In ya iya tashi daga kujera sau 10 zuwa 12 babu wahala, sai ya rage dogaro da hannu, ko a ƙara zagaye na biyu da na uku. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2014 ya bi mutum 232 da suka riga suka gama atisayen asibiti. Waɗanda aka ɗora a kan atisayen gida sau 3 a mako na wata 6 sun fi sauran iya tashi da tafiya.

Malamar Jinya: Na yarda. Amma a rubuta a ƙarƙashinsa lokacin da ake dakatawa. Sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, ƙafar ta gajarce ta juya farat ɗaya, ko wurin ɗinki na fitar da ruwa: a nufi asibiti nan take. Tsamin tsoka da ke lafawa zuwa washegari ba komai ba ne. Kafin ya miƙe daga gado ya zauna a baki minti 1, saboda jiri. Sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. A matakala mai lafiyar ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. An tsaya a kan "atisayen farfaɗowa a gida". Likita, "karayar kwatangwalo" fa, ta yi daidai?

Likitan Ƙashi: A bar ta a kanun takardar, tunda ita mutane suka sani. A layin farko a bayyana cewa saman ƙashin cinya ne ya karye, kusa da wurin da yake shiga cikin kwatangwalo, a sa zane kusa da shi.